Wuƙar Likita Ba Ta Ƙara Wa Ƙafa Tsawo

Akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a zukatan jama'a, a Khartum da Omdurman kamar yadda yake a Kano da Maraɗi, cewa maganin ƙafar da ta gajarce yana ƙarewa ne a ɗakin tiyata, ta yadda da zarar likita ya fito ya ce aiki ya yi kyau, sai dangi su yi hamdala, masu taimako su rufe asusun gudummawa, kowa ya kama gabansa, a bar majiyyaci da ƙarfe a ƙwauri da takardar sallama a hannu. Wannan ra'ayi kuskure ne mai nakasa mutane, domin a duk tsawon jinyar ƙara wa ƙafa tsawo babu ranar da ta kai ranar tiyata sauƙi, kuma majiyyaci yana fita daga ɗakin ne da ƙafarsa yadda ya shiga da ita, ba ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba.

Dabarar da ake bi a yau ta samo asali ne daga Gavriil Ilizarov, likitan da ya yi aiki a garin Kurgan na Siberiya tun farkon shekarun 1950, wanda ya tabbatar da cewa idan aka raba ƙashi biyu cikin lura, ba tare da an lalata bargo da fatar da ke lulluɓe da shi ba, sannan aka riƙa nesanta ɓangarorin biyu sannu a hankali, jiki da kansa zai riƙa cike gurbin da sabon ƙashi. Abin da likita yake yi a ranar tiyata shi ne yanka ƙashin da kafa masa mariƙi, wato wasu zobba na ƙarfe da ke kewaye ƙafar daga waje, waɗanda aka haɗa su da ƙashi ta hanyar siraran wayoyi da kusoshi da suka huda fata da tsoka. Bayan kamar mako guda ana jira, sai a fara juya notunan mariƙin sau huɗu a yini, kowace juyawa rubu'in milimita, jimilla milimita ɗaya daga safiya zuwa safiya, kuma mai wannan juyawa ba likita ba ne, majiyyacin ne da kansa ko wani nasa, a gida, da sifana a hannu. Idan aka yi gaggawa ƙashi ya kasa fitowa, gurbin ya zauna wayam. Idan aka yi sakaci na 'yan kwanaki ƙashin ya haɗe tun ba a kai tsawon da ake nema ba, dole a koma a sake yanka shi.

Lissafin ba shi da wuya. Wanda ƙafarsa ta gaza 'yar'uwarta da santimita 5 yana buƙatar kwana 50 na ja, sannan sabon ƙashin, wanda a lokacin bai wuce guringuntsi taushi ba, yana buƙatar aƙalla ninki biyu na wannan lokaci kafin ya yi ƙwarin ɗaukar nauyin mutum, abin da ya sa likitoci ke ƙiyasta kimanin wata guda a cikin mariƙi ga kowace santimita a jikin yaro, fiye da haka kuma ga baligi, musamman mai shan taba ko wanda abinci mai gina jiki ya yi masa ƙaranci. Bayan cire ƙarfen ma akwai wasu watannin na taka tsantsan, saboda ƙashin da ya saba jingina da ƙarfe yana iya karyewa ko ya lanƙwashe idan aka ɗora masa nauyi farat ɗaya. Shekara guda ke nan ko abin da ya fi haka, wadda aikin asibiti na sa'o'i biyu ko uku ya buɗe ƙofarta kawai.

Abin da masu wancan ra'ayi suka fi jahilta shi ne cewa ƙashi ya fi duk abin da ke kewaye da shi saurin miƙa wuya. Tsoka da agara da jijiyoyi ba sa son a ja su, kuma yayin da ƙashin ke ƙara tsawo kullum, su turjewa suke yi, suna janyo gaɓoɓi zuwa inda suka fi ƙarfi. Wanda ake ƙara wa ƙwauri, agarar bayan dunduniyarsa takan ɗaure har diddigensa ya kasa taɓa ƙasa, ya koma tafiya a kan yatsu. Wanda ake ƙara wa cinya, gwiwarsa takan sandare, ta ƙi miƙewa sosai ko ta ƙi lanƙwasawa, a wasu lokuta ma gaɓar ta goce daga mazauninta. Abin da ke hana wannan shi ne gashi, wato horon gaɓoɓi da tsoka a hannun ƙwararre, wanda a lokacin ja ake buƙatarsa kusan kowace rana, tare da miƙe gaɓa a gida sau da yawa a yini, da ɗaure tafin ƙafa da dare don kada ya faɗi, da taka ƙafar gwargwadon yadda likita ya yarda, tun da takawa kanta tana taimakon ƙashi ya nuna. Aiki ne mai zafi da gundura, kuma jama'a sun ɗauke shi tamkar tausa, abin marmari ga mai hali, alhali gwiwar da aka bari ta sandare wata biyu ba lallai ba ne ta sake dawowa, ko da an koma tiyata a karo na biyu. Ƙafa mai cikakken tsawo da ba ta lanƙwasawa ta fi gajeriyar ƙafa mai lafiyayyar gwiwa wahalar da mai ita, a wurin zaman tahiya, da tsugunno a bayan gida, da hawa mota.

Wannan magana tana da nauyi na musamman a wuri irin Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu da garejoji ta Khartum, da takwarorinta na Omdurman da Bahri, inda makanikai da masu walda da maƙera da 'yan dako ke cin abinci da tsayuwa da tsugunno da ɗaukar nauyi, kuma wanda bai fito aiki yau ba gidansa ba a ɗora tukunya gobe. Daga irin waɗannan mutane, cikinsu har da Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na muhajiran da suka kafa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ake samun da yawa daga cikin masu buƙatar wannan aiki, kuma ba don ado ba: karayar da ta haɗe a gajarce bayan haɗarin babur ko raksha, wato keke mai ƙafa uku, ƙashin da ya ruɓe aka yanke wani sashe nasa, ɗorin da basir, wato maɗorin gargajiya na Sudan, ya yi bai zauna daidai ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ƙara yawansu ƙwarai, domin harsashi da tarkacen bom sukan tafi da yankin ƙashi ɗungurungum, kuma da wannan mariƙin na Ilizarov ake cike irin wannan gurbi, ta hanyar turo wani gutsuren ƙashi milimita ɗaya kullum har ya isa ɗaya bakin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na cibiyoyin lafiya a yankunan da ake faɗa sun daina aiki, asibitoci ƙalilan irin su Al-Nau a Omdurman da Basha'ir a kudancin Khartum suka ɗauki nauyin miliyoyin mutane. Mai ƙarfe a ƙafa yana da ramuka goma ko fiye a fatarsa, kowanne ƙofa ce da ƙwayar cuta za ta bi har ƙashi, yana buƙatar ruwa mai tsabta don wanke su a garin da kwalara ta addaba a 2025, yana buƙatar hoton ƙashi kusan duk mako biyu a lokacin ja, yana buƙatar kuɗin mota zuwa wurin gashi daga unguwanni irin su Mayo ko Umbadda ko Haj Yusif, cikin ƙura da zafin da ke haura digiri 40, a birnin da aka karya masa gadar Shambat tun Nuwamban 2023.

Duk da haka, idan aka tashi neman taimako, a masallaci ko a zauren WhatsApp ko ta manhajar tura kuɗi ta Bankak, adadin da ake ambata kuɗin tiyata ne kaɗai, domin shi ne yake da rasiɗi, shi ne kuma mai bayarwa yake iya nunawa ya ce ga abin da ya yi. Babu mai lissafa abincin iyali na wata goma, ko kuɗin gashi sau ɗari, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta duk lokacin da bakin kusa ya yi ja ya fara ruwa. Sudan ƙasa ce da ta san nafir, wato aikin gayya, kuma takaya, ɗakunan girkin unguwa da suka ciyar da mutane a tsakiyar yaƙi, sun nuna cewa jama'arta suna iya ɗaukar nauyi mai tsawo. Abin da ya rage shi ne a fahimci cewa wannan jinya irin wancan nauyin ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu kare ra'ayin sukan ce a ƙasar da ɗakunan tiyata suka zama kufai, ceton rai da ceton ƙafa su ne gaba, gashi ya jira ranar wadata. Hujjar tana da ƙarfi a daren da aka kawo mai zubar jini, amma ba ta tsayuwa a kan aikin da ake tsarawa da rana tsaka. Wani babban bincike da aka yi a cibiyoyi takwas na Amurka, aka wallafa a 2002, ya bi diddigin ɗaruruwan mutanen da suka samu mummunan rauni a ƙafa, ya gano cewa bayan shekara biyu babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin waɗanda aka sake gina musu ƙafa da waɗanda aka yanke wa, cewa kusan rabinsu kaɗai suka koma aiki, kuma talauci da rashin mataimaka da shan taba suna cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai tagayyara. Idan haka abin yake a ƙasa mai arzikin asibitoci, to mai walda a Sinaiya da aka kafa wa mariƙi aka sallama ba tare da tsari ba an jefa shi ne cikin caca da ƙafarsa. Ko Valeriy Brumel, zakaran tsallen sama na gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964, wanda Ilizarov ya ceto ƙafarsa a 1968 bayan haɗarin babur, ya koma tsalle amma bai sake kaiwa matsayinsa na dā ba, duk da gatan da ƙasarsa ta yi masa.

Sabuwar na'ura ma ba ta kuɓutar da kowa daga wannan ba. Ƙarfen maganaɗisu da ake sakawa cikin bargo, wanda Amurka ta amince da shi a 2011, ya kawar da wayoyin da ke huda fata, amma tsoka tana nan da turjiyarta, kuma mai shi ba ya iya taka ƙafar sosai sai ƙashi ya nuna. Tallace-tallacen da ake yaɗawa a intanet daga asibitocin ƙetare ga samarin da ke son ƙarin tsawo don ado suna nuna hoton kafin aiki da na bayansa, suna tsallake shekarar da ke tsakani, da haɗarin daskarewar jini a jijiya, da ɗingishin da kan bi wasu tsawon lokaci.

Nauyi na farko yana wuyan likita. Wanda ya san majiyyacinsa ba shi da hanyar zuwa gashi, ko ba zai iya dawowa hoto ba, bai kamata ya fara jan ƙashi ba, kuma wajibi ne ya gaya masa cewa gajartar da ba ta wuce santimita 2 ba takalmi mai tudu yana wadatar da ita, cewa yaron da bai gama girma ba ana iya rage saurin doguwar ƙafarsa da ƙaramin aiki har gajeriyar ta cim mata, cewa a wasu raunukan ƙafar roba mai kyau ta fi saurin mayar da magidanci kan sana'arsa. Nauyi na biyu yana kan masu sake gina asibitocin Khartum tun bayan da sojoji suka karɓe birnin a Maris na 2025. Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar a Mayun 2023 cewa farfaɗo da majiyyata ɓangare ne na tsarin lafiya, kuma Sudan ba daga sifili za ta fara ba, tun da tana da hukumar ƙasa ta gaɓoɓin roba, wadda Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta daɗe tana tallafa wa, da gidan Cheshire na Khartum da ya yi shekaru yana kula da yara masu nakasa. Duk ɗakin tiyatar ƙashi da za a buɗe ya kamata a buɗe shi tare da ɗakin gashi da ma'aikatansa da albashinsu, a koya wa mutum ɗaya daga dangin kowane majiyyaci juya noti da wanke bakin kusa da miƙe gaɓa kafin sallama, a rubuta masa jadawalin da Larabci ko Hausa. Kayan ɗakin gashi kuwa, sandunan koyon tafiya da sandunan dogarawa da gadajen miƙe gwiwa, bututun ƙarfe ne da katako, kuma masu waldar Mantiƙa Sinaiya suna iya ƙera su a cikin mako guda idan aka ba su awo.