Waiwaye: Babur a Bakin Iyakar Jibiya, Wa Ke Koya wa Yaro Tsayawa?

Manyanmu suna ba da labarin zamanin da direba kan sauya hannu a bakin iyakar Jibiya. Kafin ranar 2 ga Afrilun 1972, Najeriya hannun hagu take bi irin na Ingila, Nijar kuwa hannun dama irin na Faransa. Motar da ta yi lodi a Katsina za ta riƙe hagu har Magama, tana ƙetarewa ta doshi Ɗan Isa sai ta koma dama, haka har Maraɗi. Da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙudura a koma dama, ba wayar gari aka yi kawai aka ga doka ba. An daɗe ana shela a rediyo da jaridu, an kakkafa alluna a bakin hanya, har mawaƙa sun sa baki. Ƙasa guda aka zaunar aka koya wa bin titi kafin a fara kama mai laifi.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne baburan da suka cika Jibiya a yau, balle ranar Lahadi da kasuwa ke ci. Babu abin hawan da ya kai babur yawa a garin, kuma da wuya ka sami mahayin da aka zaunar aka koya wa.

A shekarun 1970 babur kayan ma'aikaci ne. Malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, su ke hawan Honda da Suzuki da Yamaha, akasari da rancen da ake cirewa a albashi. Mutum ya san wuyar da ya sha kafin ya mallaka, don haka lallaɓa abinsa yake yi, ya goge shi da safe, ya shigar da shi zaure da daddare. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sai babur ya koma hanyar neman abinci, acaɓa a wannan gefe na iyaka, kabu-kabu a wancan. Daga baya Jincheng da sauran baburan ƙasar Sin suka karya farashi, 'yan siyasa suka shiga rabon babura bayan 1999, sannan Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya zo ya mamaye karkara saboda juriya da rashin shan mai. A hankali babur ya sauko daga hannun magidanci mai albashi zuwa hannun yaron da ƙafarsa ba ta gama kaiwa ƙasa ba.

Kowa ya san yadda ake koyon. Da la'asar, a filin ƙwallo ko filin idi, babban wa ya ɗora ƙanensa a gaba, shi ya zauna a baya. "Kama kuloci. Taka giya. To, saki a hankali, ka ɗan murza totur." Yaro ya saki gaba ɗaya, babur ya yi tsalle ya mutu. A sake bugawa. In an dace ya tafi, sai wan ya zame ta baya ya bar shi, yaro na zagaye fili yana ƙwala kira, "Yaya, ya zan yi in tsaya?" 'Yan kallo na dariya, wan na cewa ya taka birki, shi kuwa ƙafafunsa biyu na ja a ƙasa, silifas ɗaya tuni ya fita. Ƙarshenta tudun yashi ko darni ke tsayar da shi. Ya tashi da tabon salansa a ƙwauri, a ce ai ya iya, faɗuwar ita ce kuɗin makaranta. Kafin sati ya zagayo an aike shi cefane, kafin wata ya fara goyo.

Koyarwar nan kamar a nuna wa yaro hawan rimi ne a manta da saukowa. Tayar da babur da tafiyar da shi aikin yini guda ne. Tsayar da shi a daidai inda kake so, lokacin da akuya ta yanko ko tirela ta ja birki a gabanka, nan ilimin yake, kuma nan ne babu mai koyarwa.

A Jibiya akwai malami na biyu, wato iyakar kanta. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda garin Jibiya na ciki. Ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Aka sake garƙamewa a Agustan 2023 bayan sojoji sun hamɓarar da Mohamed Bazoum a Yamai, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Duk sanda aka rufe ƙofa, manyan motoci ne ke tsayawa, kaya ba sa tsayawa. Sukan sauka daga kwalta su bi ta gonaki da burtali da busasshen rafi, a bayan babur. Yaron da ya rasa aikin dako a tasha, ko shagon ubangidansa ya mutu, ya kuma ga 'yan fito na ƙirga kuɗi da yamma, ba sai an nuna masa hanya ba.

To me wannan hanya ke koyarwa? Gudu, lodi, da tafiyar dare ba fitila. Jarka shida ta fetur mai cin lita 25 ta haura kilo 100, wato ta yi kusan nauyin babur ɗin kansa. Buhun shinkafa uku kilo 150 ne. Da irin wannan lodi tayar gaba takan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa, birkin da aka ƙera don mutum biyu ya gaza. Na yarda akwai gwaninta a ciki; duk wanda ya ga matashi ya ratsa yashi da buhu uku bai sa ƙafa ba zai sara masa. Amma gwanintar tserewa ce. Wanda ya saba da cewa tsayawa asara ce, da wannan hannun zai shigo gari ya ɗauki mace mai goyo zuwa asibiti.

Hukuma kuwa, tun da babur ya yawaita, kusan duk maganar da take yi da mai shi hani ce. Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sa hular kwano. Doka ta riga fahimta isowa, sai ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka, labarin ya zagaya duniya, aka yi dariya, dokar ta bi ruwa. Fasinjoji wasu na gudun ƙwarƙwata da cutar fata, wasu na tsoron a yi musu asiri a cikin hular. A Janairun 2013 Kano ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana hawan mutum uku a babur ɗaya, ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta kuma hana haya da babur daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga. Ban ga laifin wannan ba. Duk wanda ya san yadda 'yan bindiga ke faɗa wa ƙauye a kan babura, uku-uku, ya san ba don son rai aka yi ba. Sai dai ba don mai koyo aka yi waɗannan dokoki ba, kuma yaron da ake kai wa mai ɗori, ko ake wucewa da shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, sau da yawa jahiltar birki ce ta karya shi.

A takarda tsari yana nan. Lasisi mai aji A na mai babur ne, sai an cika shekara 18, akwai takardar izinin koyo, akwai gwajin jami'an duba ababen hawa na VIO. A aikace kuwa, makarantun tuƙin da ake gani a Katsina da Kano na mota ne. A Ingila tun 1990 ba a barin sabon mahayi ya hau titi sai ya yi horon farko na dole, wanda akasari yini guda ne: a gwada ganinsa, a nuna masa sassan babur a tsaye, ya yi atisaye a killataccen fili, a yi masa bayanin titi, sannan ya fita na aƙalla awa biyu, malami na biye da shi a wani babur. Takardar shekara biyu take yi, kuma ba ta ba shi izinin goyo. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai, don mu nan da goyon ake gane yaro ya iya.

Tunda ba mu da irin wannan, wanda zai fara koyo shi zai shirya kansa, ko uban da zai saya wa ɗansa ya shirya shi. A fara daga birki, babur a kashe, ana turawa ana matsawa har hannu ya san inda yake kamawa. Yawancin masu koyo an tsorata su da birkin hannu, wai yana kayar da mutum, sai su dogara da na ƙafa kaɗai. Alhali a kan kwalta na gaba ne ke ɗauke da mafi yawan aikin, don in an ja birki nauyi gaba yake komawa. Ba matsa shi ke kayarwa ba, fizgarsa ce. A yashi ko tsakuwa lissafin yakan juya: a sauko da giya tun kafin a shiga, a riƙe totur daidai, a sassauta wa kan babur, birkin gaba kuwa a bi shi sannu-sannu. Hanyoyin Jibiya suna da duka biyun, wani lokaci a cikin taku goma, inda iska ta kwaso yashi ta shimfiɗa a gefen kwalta. Sannan a sani, in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. Faɗa da baki ba ya shiga kan yaro, sai an ja masa layi a ƙasa ya gwada ya gani.

Sai ido. Babur inda ka kalla yake zuwa. Mai koyo ya ƙura wa rami ido don ya kauce masa, sai ya faɗa ciki. Samari sun mai da cire madubi ado, har bakanike kan tambaya, "Mutumina, a cire ne ko a bari?" A bari. Daga Katsina zuwa Magama manyan motoci ne abokan tafiya, kuma in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Tirela in za ta sha kwana takan buɗe ta ɗaya gefen tukuna, gurbin nan da ta bari ba hanya ba ce. Ga shingayen jami'ai a jere a titin. A yankin da kowa ke kallon mai babur da ido biyu, wanda bai iya tsayawa cak ba ya zarce shinge da almuru, abin da zai biyo baya na iya fin karaya.

Tufafinmu ma darasi ne da ba za a same shi a horon Turawa ba. Babbar riga, bakin zane, dogon hijabin fasinja, duk suna shiga kaca ko tayar baya, kuma sun sha fizgo mata ƙasa. Mahayin kirki kafin ya ja sai ya waiga ya ce, "Hajiya, a tattara hijabin a ɗora a cinya." Takalmi sau-ciki maimakon silifas. Hular kwano kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, mummunan rauni a ka da kusan kashi 70, amma fa in an ɗaure igiyarta. Wadda aka kifa kawai ita ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Zafi gaskiya ne, a watan Afrilu ba wanda zai ce tana da daɗi.

Wa zai koyar? Malaman suna nan zaune a kan benci a kowace tashar 'yan acaɓa, dattawan da suka yi furfura a kan hanyar Magama da ƙauyukan kewaye ba su taɓa karya kowa ba. Ƙungiyar 'yan acaɓa irin ACOMORAN tana yankar tikiti, ta san sabon yaron da ya shigo layi, ta san wanda ya ba shi babur. Ita ke da ikon da ɗan sanda ba shi da shi, ta ce ba ka ɗaukar fasinja sai ka zo fili ranar Asabar, ka zagaye duwatsun da aka jera, ka tsaya a kan layi da mutum a bayanka, ka nuna ka san fitila da sigina. Hukumar kula da hanya ta jihar Katsina, KASSAROTA, da FRSC su turo jami'i ya sa hannu, takardar ta zama matakin karɓar lasisi.

Na san abin da za a ce: yaron da ake jira ya kawo balas kullum ba shi da Asabar ɗin da zai ɓatar. Haka ne, shi ya sa nauyin ya kamata ya hau kan mai babur ɗin, ya yafe balas na wannan yini, tunda in an kwantar shi ke biyan bakanike, wani lokaci har da kuɗin ɗori. Fili akwai, tokar jan layi akwai a kowane murhu. Abin da za a saya hular kwano ce guda goma ta aro, kuma kuɗinsu bai kai rabin na sabon Boxer ba.