Noma Da Kiwo: Kazar Da Ta Makara Ba Juya Ba Ce

Akwai wata hasara da ake tafkawa a gidaje da yawa na ƙasar nan, tun daga ƙauyukan Katsina har zuwa unguwar Sabo ta Ibadan, wadda ba a cika lura da ita ba saboda ƙanƙantarta. Uwargida za ta kwashi kuɗin adashinta ta sayi 'yan tsaki, ta yi ta ɗawainiya da su wata da watanni, tana tsare su daga shirwa da muzuru, da fatan ran da za su soma ƙwai ta sami na cefane, yara kuma su sami na karin kumallo. To, sai a wayi gari kajin maƙwabta sun soma, nata kuwa shiru. Daga nan sai haƙuri ya ƙare, a ce kazar juya ce, a kai ta kasuwa a sayar da araha, ko kuwa a yi baƙo a sa mata wuƙa. Sau da yawa sai wajen gyara ake tarar da ƙananan ƙwayaye jere a cikinta, watau saura mako ɗaya ko biyu ta soma biyan wahalar da aka sha.

Abin da ya kamata mai kiwo ya fara sani shi ne, kowane irin kaza da lokacinsa. Jajayen kajin gidan gona masu ƙwai, irin su Isa Brown, ko Shika Brown wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya ta samar, sukan soma ƙwai suna da mako 18 zuwa 20 idan sun sami kulawa, kuma irin su Isa Brown kan yi ƙwai kusan 300 a shekara. Kajin gida kuwa, waɗanda ke tono su ci da kansu, ba safai suke somawa ba sai sun kai wata 6 ko 7. Ba su kuma jera ƙwai kullum. Kaza takan yi 10 zuwa 15, sa'an nan ta kwanta a kansu kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yanta, kana ta sake somawa. Manyan kaji masu nauyin jiki, irin su Brahma da wasu ke kiwo don sha'awa, su ma masu jinkiri ne, har sukan wuce wata 7. Wanda ya auna kazarsa ta gida da ma'aunin kazar gidan gona, lalle ya zalunce ta.

Bayan iri sai abinci, kuma nan ne yawancin laifin yake. Jikin kaza ba ya soma yin ƙwai sai ya gama gina kansa. Sagarar da ta tashi a kan dusa da ragowar tuwo kaɗai za ta rayu, amma girmanta zai yi nawa, ƙwanta kuma ya makara. Abincin da masana suka tsara wa kaza mai ƙwai yana ɗauke da sinadarin gina jiki kashi 16 zuwa 18 cikin 100, kuma takan ci wajen giram 110 zuwa 120 a yini. Wanda ba shi da halin sayen buhu yana iya haɗa dusarsa da ƙuli-ƙuli, da soyayyen waken suya, da garin busasshen kifi, da ganyen zogale, ya kuma bar kajin su tsinci gara da fara. Ɓawon ƙwai kuma da sinadarin kalsiyam ake gina shi, kowane ƙwai yana cin kusan giram 2, saboda haka a riƙa ajiye musu dakakken ƙashin da aka ƙona, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka niƙa. Ruwa ma kada ya yanke, domin kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne.

Amma fa gaggawa ma tana da nata sharrin. Wasu sukan ɗora ƙananan kaji a kan abincin masu ƙwai tun suna wata biyu ko uku, wai don su yi sauri. Yawan kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana lalata ƙodar kazar da ba ta isa ba. Haka kuma sagarar da ta soma ƙwai jikinta bai cika ba, ƙwanta ƙanana ne, kuma tana cikin haɗarin fitowar baya, abin da kan sa 'yan'uwanta su tsattsage ta har ta mutu. Sauri, in ji masu iya magana, ya haifi nawa.

Abu na uku shi ne yanayi. Hasken rana yana shiga idon kaza ya motsa jikinta ya soma aikin ƙwai, shi ya sa masu gidajen gona ke kunna fitila don kajinsu su sami haske na awa 14 zuwa 16. A ƙasar nan tsawon yini bai cika nisa da awa 12 ba, rani da damina, to, amma kazar da aka kulle a akurki mai duhu, ko a lungun da rana ba ta shiga, ko wannan ɗin ba ta samu. Zafin bazara kuma, daga watan Maris zuwa Mayu, yana hana kaji cin abinci, sai haki da shan ruwa. Sagarar da lokacinta ya faɗo a tsakiyar wannan zafi tana iya ƙara makonni kafin ta soma. Maganinsa inuwa, da iska, da ruwa mai sanyi, da ba da abinci da sassafe da kuma bayan la'asar.

Sai kuma cuta. Tsutsar ciki da ƙwarƙwatar kaji suna cinye abin da kaza ta ci, ta yi ta ci ba ta ƙiba. Annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda ta fi ɓarna da hunturu, takan share akurki ƙaf, wadda ta tsira kuwa takan daɗe ba ta murmure ba. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafinta, kuma tambayar ma'aikacin dabbobi mafi kusa ta fi jiran ranar da kaji za su soma sunkuyar da kai.

To, ta yaya mai kiwo zai gane kazarsa ta kusa? Jikinta ne zai gaya masa. Zankonta da fatar da ke rataye ƙarƙashin bakinta za su girma su yi ja wur, alhali da ƙanana ne kuma koɗaɗɗu. In an kai hannu bayanta sai ta durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai maimakon ta gudu. Za ta riƙa kyarkyara tana leƙa lunguna, tana neman wurin zama. Alamar da ta fi kowace tabbas kuwa ita ce a kama ta a hankali a laluba ƙasusuwan nan biyu masu tsini da ke gefen duburarta. Idan yatsa ɗaya ne kawai ke shiga tsakaninsu, da saura. Idan biyu suka shiga, to, ƙwai ya zo ko yana bakin ƙofa. Ƙwan farko kuma kan zo ƙarami, wani lokaci da ɓawo mai taushi, wani lokaci babu gwaiduwa. Wannan ba ciwo ba ne, cikin 'yan makonni zai daidaita.

Har ila yau akwai kuskure biyu da ya kamata a kawar. Na ɗaya, kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai, amfaninsa kawai shi ne in ana son a ƙyanƙyashe. Na biyu, sau da yawa kazar da ake zargi ta riga ta soma, sai dai tana kai ƙwanta ƙarƙashin rumbu, ko cikin tarin kara, ko gidan maƙwabta, inda ɓera da maciji ke riga mai ita. A tanadar mata kwando ko tsohuwar tukunya da busasshiyar ciyawa a wuri mai sirri, a kuma tsare ta a gida har hantsi ya ɗaga na kwana uku ko huɗu, gaskiya za ta fito.

Ba a ce a ciyar da kaza har abada ba, domin hatsi ba kyauta ake samunsa ba. Kazar gidan gona da ta wuce wata 7, ko ta gida da ta wuce wata 9, tana cin abinci mai kyau, an yi mata maganin tsutsa, amma zankonta bai yi ja ba, ƙasusuwanta kuma ba su buɗe ba, wannan tukunya ce ta dace da ita. Sai dai wannan hukunci yana bukatar a san shekarunta, saboda haka duk wanda ya sayi 'yan tsaki ya rubuta ranar a jikin kalanda ko bangon akurki. Uwargidan da ta yi haka, ta kuma laluba kazarta kafin a wasa wuƙa, ba za ta sayar da wahalar wata shida a kan kuɗin nama ba.