Zip ba madubi ba ne

1/ Makon jiya wani ƙanenmu a grup ya ce ya “ajiye mana madubin” wata buɗaɗɗiyar manhaja da muke aiki da ita. Na hau babur daga Kara har cikin Gwarzo neman netwok mai ƙarfi don in duba. Ashe zip ya sauke. Yau sai na yi magana, mai jin haushi ya ji.

2/ Zip hoton ranar ƙarshe ne kawai. Ba tarihi, ba rassa, ba wanda ya canza me, yaushe, don me. Haka ma git clone --depth 1. Kamar a ba ka kundin malam an yage komai sai warƙar ƙarshe, a ce ga gadonka.

3/ Na san uzurin: data. Ni ma da kuɗina nake saye. Amma git sau ɗaya yake jan tarihi, daga nan sai abin da ya ƙaru. Wallahi galibin ma'ajiyun nan ba su kai datar da muke ƙonawa a TikTok a dare ɗaya ba.

4/ Uzuri na biyu ya fi ba ni haushi: “Ai GitHub na nan.” Google Code ma yana nan, har 2016 aka rufe shi. Bitbucket ya kawar da ma'ajiyun Mercurial a 2020. A Oktoban 2020 GitHub ya sauke youtube-dl kan ƙorafin kamfanonin waƙa na Amurka, sai a Nuwamba ya mayar. A 2019 ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya saboda takunkumi.

5/ Mu kuma ba sai an ba mu labari ba. Satumban 2021 an katse netwok a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Malumfashi nan bayanmu. Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke, intanet ya koma rarrafe.

6/ Ku tuna xz. Da aka gano ɓoyayyar ƙofa a cikinta ƙarshen Maris 2024, GitHub ya rufe ma'ajiyar. Da tarihin git aka bi sawun mai sunan Jia Tan, kusan shekara biyu yana sa hannu. Wani ɓangaren mugun aikin ma a cikin ƙunshin da ake saukewa kawai yake, babu shi a git. Mai zip da me zai gwada?

7/ To mene ne cikakke? git clone --mirror, ya kwaso duk rassa da tag. Ko shi bai isa ba fa. Manyan fayil na LFS sai ka ce git lfs fetch --all, in ba haka ba 'yan takardun nuni kawai ka tara. Ma'ajiyun da aka jingina a ciki, kowacce madubinta daban. Wiki ma daban. Muhawarar masu aikin da rahoton matsaloli kuwa ba sa cikin git sam.

8/ Sai masu cewa sun sa komai otomatik, su ma ban bar su ba. A Maris 2013 faifan babbar sabar KDE ya lalace, madubansu suka kwafi ɓarnar tsaf, ma'ajiyu wajen 1,500. Abin da ya cece su wani kwafi ne guda da ɓarnar ba ta kai gare shi ba. Sa'a ce, ba tsari ba.

9/ Madubi mai biyayya, in an goge reshe a can, --prune zai goge naka. In an murɗe tarihi da ƙarfi, naka ma ya murɗe. Don haka a riƙa git fsck, a kuma ajiye git bundle mai kwanan wata a inda sabuntawa ba ta taɓawa.

10/ Abin da ke damuna shi ne namu. NaijaSenti da sauran aikin HausaNLP, dubban saƙonnin Hausa da mutane suka zauna suka tantance ɗaya bayan ɗaya. Mu nawa ne a Kano muke da cikakken kwafi a hannu? Software Heritage a Faransa suna tara ma'ajiyun duniya, Allah ya saka musu, amma ranar da aka katse mana layi su ma ba za mu kai gare su ba.

11/ Ƙanena, ban kama sunanka ba. Ka zo da filasha ranar Juma'a bayan masallaci, na haɗa bundle ɗin. Zip ɗinka kuma kar ka goge tukuna, akwai fayil biyu da nake son mu gwada da tag ɗin.