Kasuwar ƙwadago ta intanet: wa ke yanke farashin gumin matasa?

Daga Yamai zuwa Damagaram, matasa masu difloma da suka gaji da jiran aikin gwamnati sun fara juyawa ga kasuwannin intanet irin su Fiverr da Upwork, inda mai neman a yi masa fassara, ko zane, ko naɗar murya da Hausa ke haɗuwa da ma'aikaci ba tare da sun ga juna ba. Samun wannan hanya alheri ne. Amma ladan da ake tayawa ya isa a tsaya a yi masa lissafi irin na ɗan kasuwa.

Kamfanin Fiverr, da aka kafa a Isra'ila a 2010, ya samo sunansa ne daga aikin dalar Amurka 5, kuma yana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin ma'aikaci a matsayin la'ada. Ke nan wanda ya karɓi aikin dalar Amurka 5, 4 ce za ta shiga asusunsa, tun kafin mai sauya masa ita zuwa sefa ya yanki nasa rabon. Wane mai shanu ne zai yarda dillali ya ci ɗaya cikin biyar na cinikinsa? Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato OIT, na 2021 ya nuna rabin masu irin wannan aiki ba sa samun dalar Amurka 2 a awa. A 2023 kuma mujallar Time ta fallasa cewa ƴan Kenya da suka tace rubuce-rubuce don horar da ChatGPT ƙasa da haka aka biya su.

Wasu na cewa da babu gara ba daɗi, tunda albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne a wata. Wannan lissafin dokin rano ne. Mai albashi ba shi ke sayen teburin ofis ba, alhali ma'aikacin intanet shi ke sayen kwamfuta, shi ke biyan wutar Nigelec da kuɗin layi, kuma babu fansho, babu hutun jinya. Awoyin da yake ɓatawa wajen neman aiki da gyaran da mai kwangila ke ta maido masa, babu mai biyansa su.

Tushen cutar shi ne yadda kasuwar take. Aiki ɗaya ake kafawa, sai ɗan Maraɗi da ɗan Kano da ɗan Kumasi su yi ta karya wa juna farashi don neman tauraron yabo, har abin ya koma gwanjo. Alhali masu iya rubuta ingantacciyar Hausa ba su da yawa, kuma kamfanoni na bukatarsu. Mai kayan da ake nema bai kamata ya sayar kamar wanda ake kora ba. Su ma masu ba da aiki su sani araha ba ta ado: fassarar maganin yara da aka yi cikin gaggawa a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, rai take iya ci.

Maganin yana hannun ma'aikatan kansu. A watan Mayun 2023, masu tace shafukan sada zumunta fiye da 150 sun taru a Nairobi suka yanke shawarar kafa sandika. Masu fassara da masu zane na Nijar su ma suna iya haɗuwa su tsayar da farashin da ba a sauka ƙasa da shi ba, a kan kalma ko a kan awa, kamar yadda mahauta da direbobin tasha ke yi tun tuni. Ya rage ga manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN su buɗe musu ƙofa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.