An canza wa mota birenbos, cek ta kama: a dakata da sayen sensa

1/ Zare ne kan mota. Masu Corolla da Camry da Honda ku matso kusa. Magana ɗaya nake so in kafa: idan aka canza wa motarka birenbos, wato ƙwaƙwalwarta, washegari fitilar cek ta kama, aka jona na'ura ta nuna lambar sensar mai, to wannan birenbos da aka saka shi za a fara tuhuma. Sensa sai daga baya.

2/ Abin da aka saba a nan Zagga da Bagudo: mai na'ura ya karanto P0452, ya duba waya ya ga an ce sensar matsin tanki, shi ke nan ya yanke hukunci. A aika Jega ko Birnin Kebbi, in babu a kira Ƙofar Ruwa a Kano a sako a mota. Kuɗin sensa, kuɗin aike, kuɗin aiki. A ɗaura. Jibi fitila ta dawo.

3/ Na'urar nan ba boka ba ce, jama'a. Ba ta ganin sensa da ido. Abin da birenbos ya faɗa mata kawai take maimaitawa. Shi kuma cewa yake yi: "wutar da nake jira ta kan wannan waya ba ta zo yadda nake tsammani ba." Iyakar maganar ke nan. P0452 wutar ta yi ƙasa, P0453 ta yi sama. Babu inda lambar ta ce je ka sayi kaya.

4/ To mene ne zai sa wutar ta ƙi zuwa daidai? Sensa na iya mutuwa, ƙwarai. Waya na iya tsinkewa. Soket na iya yin tsatsa. Fil ɗaya na iya lanƙwashewa lokacin da ake cusa sabon birenbos da ƙarfi. Ko kuma shi mai jiran ne yake jiran abin da ba a taɓa sa wa motar ba. Wannan na ƙarshe shi ne ciwonmu na bakin iyaka.

5/ Ku duba inda kayanmu suke fitowa. Kwatano tashar kowa ce: motar Amurka, ta Jamus, ta Beljiyam, duk nan suke sauka. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, amma motocin da suka riga suka shigo suna nan kan titi, kuma kayan gyara na hannu, da mu mutanen Lolo da Tsamiya muka fi kowa sanin hanyarsu, a gauraye suke zuwa.

6/ Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a kan motocinta tun 1996, kuma a cikinsa har da gadin tururin fetur: dole mota ta riƙa gwada kanta ko tanki yana yoyon iska. Shi ya sa ake sa sensar matsi a tanki ko kusa da shi. Turai nata tsarin, EOBD, ya fara kan motocin fetur a 2001, kuma bai tilasta wannan gwaji ba. Motocin Turai da yawa ba su da sensar kwata-kwata.

7/ Yanzu ka ɗauko birenbos ɗin motar Amurka ka ɗora wa 'yar uwarta ta Turai. Suna ɗaya, shekara ɗaya, in ka yi sa'a soket ya shiga, mota ta tashi, kowa ya yi hamdala. Birenbos ya fara kiran sensar tanki, shiru. Ya kunna maka cek. Wallahi ko sensa goma ka saya, ina za ka ɗaura ta? Wayarta ma babu a jikin motar.

8/ Ko a cikin Amurka kanta ba iri ɗaya ba ne. Akwai motocin da aka yi wa dokar Kalifoniya, akwai na sauran jihohi, kuma wani lokaci birenbos ɗinsu ya bambanta. Ga bambancin otomatik da manuwal, ga girman inji. "Ai duk Big Daddy ce" ba hujja ba ce.

9/ Hujja tana jikin takardar da ke manne da birenbos. Na injin Toyota yawanci lambarsa tana farawa da 89661, na Honda da 37820. Wannan farkon kowa yana da shi, kamar sunan gida ne. Abin da ke biyo baya shi ne sunan yanka. A ajiye tsohon da sabon gefe da gefe a karanta har harafin ƙarshe. Minti biyu ne, kuma kyauta.

10/ Shi ya sa nake cewa kada ka bar tsohon birenbos ɗinka a gareji. Kayanka ne. In har yana iya tayar da mota, mayar da shi shi ne gwaji mafi arha: lambar ta ɓace da tsohon, ta dawo da sabon, an gama shari'a.

11/ In lambobi sun yi daidai, sai a koma kan waya, nan ne aikin mai wayarin na gaske. Irin wannan sensa wayoyi uku gare ta: ɗaya tana kawo volt 5 daga birenbos, ɗaya atin, ɗaya tana mayar da saƙo, yawanci tsakanin rabin volt da volt 4.5. A kunna makulli, a sa mita. Babu volt 5 a soket? To sensa ba ta da laifi, ba a ba ta abinci ba ne.

12/ Wani abin da ke rikita mutane: wannan volt 5 sau da yawa sensoci da dama ne ke sha daga layi ɗaya. Ɗaya ta yi shot, sai ta ja sauran ƙasa, na'ura ta zubo lambobi huɗu ko biyar lokaci guda. Na ga motar wani maƙwabcinmu da aka rubuta wa jerin sensoci uku a saya. Waya ɗaya ce ta goge a jikin ƙarfe. Salatif ya gama aikin.

13/ Kuma tambayar da ba a cika yi ba: me ya kashe birenbos na farko? Haka kawai ba ya mutuwa sai nadiran. An juya kan batir wajen jona waya, ko an yi walda batir na jone, ko ruwa ya shiga, ko wata waya tana shot. In shot ne ba a gano shi ba, yana nan yana jiran na biyun. Wani lokacin ma na farkon lafiyarsa ƙalau, fiyus ne ko atin ya saki.

14/ Na san me za a ce min: "Malam, ka manta irin man da muke sha." Ban manta ba. A Nuwamba 2019 kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen bakin boda suka koma hannun 'yan bumburutu da jarka. A farkon 2022 kuma an shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka lalace a Legas da Abuja. Gurɓataccen mai gaskiya ne.

15/ Amma shi nasa alamun daban ne. Datti ya toshe matacin famfon mai ko nozul, sai ka ga P0171, mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, ko P0300, inji na tsallake wuta. Mota ta riƙa shaƙewa a hawa. Ruwa a cikin fetur ba ya tsinke waya. In lambar tana maganar layin wuta ne, a bar ɗan bumburutu ya huta, wannan karon ba shi ba ne.

16/ Ita P0171 ma, tunda ta shigo zance: a Corolla mai injin 1ZZ sananniya ce, kuma sau da yawa gasket ɗin manifol ne ke shan iska, ko sensar iska ta yi ƙura. Da ƙurar hanyoyinmu kuwa ba sai an faɗa ba. Ban ga dalilin sauke tanki kafin a duba waɗannan ba.

17/ Sai maganar gogewa. Mai na'ura ya danna, fitila ta mutu, ka biya, ka tafi da murna. Wasu lambobin sai birenbos ya ga matsalar a tafiya biyu a jere kafin ya kunna fitila. Shi ya sa take dawowa bayan kwana ɗaya ko biyu, kai kuma ka ɗauka sabuwar cuta ce. Kafin a goge komai, ɗauki hoton allon da wayarka, har da bayanan da ya adana na lokacin da abin ya faru.

18/ Wasu kuma cewa suke: tunda mota na tafiya, a manna baƙin salatif a kan fitilar, ko a cire ƙwan. Gaskiya P0452 ita kaɗai ba za ta tsayar da kai a hanya ba. Matsalar ita ce fitila ɗaya ce tak ga dukkan lambobi. Ranar da ta fara ƙyaftawa saboda inji na tsallake wuta, kana tsakanin Kaoje da Tsamiya da dare da iyali a baya, ba za ka gani ba.

19/ In kuma birenbos ɗin na wani inji ne daban, lissafin man da yake ba nozul ba na motarka ba ne. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, kowa ya san zafin lita ɗaya. Ɗan kabu-kabu mai zuwa Jega kullum, a aljihunsa zai ji.

20/ Ni dai a ganina nauyin yana kan mai sayarwa da mai ɗaurawa, ba kan mai mota ba. Wanda zai karɓi kuɗin birenbos ya nemi hoton lambar tsohon kafin ya ɗauko daga shago. In motar mai makullin tsaro ce, a faɗa tun farko cewa sai an haɗa shi da makulli, da nawa za a biya.

21/ Kai kuma mai saye, kafin ka tura ko sisi, ku yi magana a gaban shaida ko a rubuce a WhatsApp: in lamba ba ta dace ba, ko cek ta kama cikin mako guda da lambar da babu ita a da, kaya zai koma. Wasu za su ce kayan wuta ba a mayarwa. To ya turo hoton takardar tukuna, ka gwada da taka, sannan a saka a mota.