SHARHI: Sirrin Gwamnati ko Sirrin Ɓarayi?

A shekarar 2024 ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya ya gargaɗi ma'aikata cewa duk wanda ya fitar da takardun sirri ba da izini ba zai fuskanci ɗauri. Madogararsu ita ce Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, wadda aka ɗora bisa tsarin Ingila, hukuncinta kuwa yana iya kaiwa shekara 14 a kurkuku.

Ba mu musun cewa sirri amana ne. Wanda ya tona shirin soja ga 'yan bindiga, ko ya sayar da tambayoyin jarrabawa, ha'inci ya aikata. Tarihi ma ya kiyaye ƙissar Haɗibu ɗan Abu Balta'a, wanda ya aika wa Kuraishawa labarin shirin buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira. An tare wasiƙar a hanya, amma sai da aka saurari uzurinsa kafin a yanke magana. To amma ina hukuncin akawun da ya ga an wawure kuɗin asibiti, kana aka buga wa fayil ɗin hatimin sirri? Malamai ba su taɓa kiran ɓoye shaida riƙon amana ba.

Mutanen Kamazou, inda ma'aikatan gwamnati da na matatar mai ke zaune da yawa, ba su buƙatar misali daga nesa. A watan Fabrairu 2017, a Sabon Tasha da ke maƙwabtaka da su, hukumar EFCC ta fito da kusan dala miliyan 9.8 da fam 74,000 daga wani gida, bayan an tsegunta mata. Mai kuɗin, Andrew Yakubu, tsohon shugaban NNPC, ya ce kyauta ce aka yi masa, kuma Babbar Kotun Tarayya ta wanke shi a 2022. Adalci ne mu faɗi haka. Abin lura shi ne, ba don wani ya buɗe baki ba, da maganar ba ta je gaban alƙali ba sam.

Shi wannan mai buɗe bakin, me ke kare shi? Tsarin tukuici na Disamba 2016 ya yi alkawarin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, amma sanarwar ma'aikatar kuɗi ce, ba doka ba. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin kare masu fallasa a 2017, bai zama doka ba. Sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya kare ma'aikacin da ya tona ɓarna da kyakkyawar niyya daga gurfanarwa, sai dai kaɗan ne suka san da shi, kuma ba ya hana shugaba ya tura mutum ƙauye ko ya danne masa ƙarin girma.

Don haka muna kira ga wakilan Chikun a Majalisar Tarayya da su nemi a fayyace abin da ake nufi da sirri a dokar 1962, a kuma sa hukunci a kan shugaban da ya rama a kan ma'aikacin da ya ba da shaida.