A koya mana da bakin masu ciwon, amma ba kowane shafi ba

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman 'yan likitanci da aikin jinya, kun san yadda ake wuce babin matsalar cin abinci a aji. Anoreksiya: mutum ya hana kansa abinci don tsoron ƙiba. Bulimiya: ya ci ya cika ciki, ya zagaya ya ƙaƙalo amai. Ka haddace, ka juye a jarrabawa, ka fito kana ganin ai ciwon Turawa ne da ƙoshi ya yi wa yawa. Alhali anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

Ni dai a ganina, a riƙa haɗa mana da littattafan da masu ciwon suka rubuta da hannunsu.

Ga na Jennette McCurdy, 'yar Amurkar nan ta shirin iCarly, da ya fito a 2022, I'm Glad My Mom Died. Sunan kam babu daɗin ji a kunnen Bahaushe, na sani. Amma ku karanta. Mahaifiyarta ce ta koya mata taƙaita abinci tun tana shekara 11, don kada jikinta ya girma a daina ba ta rawar yara, ita kuwa ta ɗauka ƙauna ce. Daga baya abin ya rikiɗe ya koma ci da amai. Takardar lakca za ta jero maka alamomi, amma ba za ta nuna maka yadda "kin rame" ke zama yabo a kunnen mai ciwon ba, ko yadda take cewa "na ci" ido cikin ido. Wanda ya karanta wannan, gobe a asibiti ba zai ce wa yarinya "ke dai ki daure ki ci" ya sallame ta ba.

Sai dai fa akwai haɗari. Wasted na Marya Hornbacher, na 1998, ya sha suka saboda ya zayyana nauyinta da dabarun da ta bi dalla-dalla, har wasu masu ciwon suka mayar da shi littafin koyo. A aji mai mutum ɗari biyu ba ka san wa ke fama ba. Don haka malami ya zaɓi shafuka, ya tsallake lambobi da dabaru, ya sanar tun kafin ranar, ya kuma faɗi inda za a je: ofishin ba da shawara na makaranta, ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Yaba ko Aro. Ba a tura littafin sukutum a WhatsApp a tafi ba.

Kuma littattafan nan ba su san gidanmu ba. Mu matsin ta fuska biyu yake: wata na shan shayin rage tumbi, wata na haɗiyar sha-ka-fashe don ta ciko kafin biki. Wata ta fake da azumin nafila, babu mai iya ce mata uffan. Idan ta faɗi a hostal, a ce olsa ce, ko iska. Maza ma ba su tsira ba, shiru kawai suke yi.

Ƙungiyoyinmu na ɗaliban jihohi za su iya tattara irin waɗannan labarai da Hausa, ba suna, likitan ƙwaƙwalwa ya duba kafin a karanta a taro. Wa zai kai maganar zaman shugabanni na wannan zangon?